Yadda Ake Tara Kuɗin Tafiya Ƙasar Waje Da Ƙaramin Samu, Daga Zangon Accra Ko Kumasi

Mai gyaran waya a Circle da mai sayar da waakye a Aboabo duk suna iya tara kuɗin Umra, ko na saro kaya a Dubai da Istanbul, ko na zuwa ganin ɗa a Jamus, kuma kowace shekara ana samun masu yi. Wuri biyu aka fi yin tuntuɓe. Na farko, a fara tari ba a san adadin da ake nema ba. Na biyu, a tara kuɗin inda ba ya barin sawu, a gwangwani ko a hannun uwar adashi, sai ranar da ofishin jakadanci ya ce a kawo takardar banki ta wata shida a rasa abin nunawa. Saboda haka yadda ka tara kuɗin yana cikin takardun tafiyar, tun daga sidin farko.

Lissafi kafin tari

Nemi ƙaramin littafi ka raba shafi gida biyu, ɓangaren sidi da ɓangaren dala. A na sidi ka sa fasfo, allurar rigakafi, hotuna da kwafin takardu, motar zuwa filin jirgi, da kuɗin da za ka bar wa gida. A na dala ka sa biza, inshora, tikiti, masauki, abinci da mota a can, da tsaraba. Ko da sidi za ka biya tikitin, farashinsa dala yake bi, don haka can ne gidansa.

Abu biyu ake mantawa da su. Mai sana'ar hannu ba ya samun ko sisi a kwanakin da ba ya nan, alhali cefane da kuɗin wuta ba su tsaya ba. Sai makon farko bayan dawowa, lokacin da aljihu ya bushe, baƙi na zuwa sannu da zuwa, jari kuma yana jiran a tashe shi. Rubuta su duka biyun.

Dalilin raba shafin, duk wanda ya ga shekarar 2022 ya san shi. A farkonta dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta fita ta haura 14, a Disamba kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Wanda ya tara sidi zalla ya wayi gari rabin tikitinsa ya narke a cikin asusu. A 2025 abin ya juya: dalar da ke sama da sidi 15 a Afrilu ta sauko kusa da 10 kafin ƙarshen Yuni, waɗanda suka kwashe jarinsu suka sayi dala a sama su ne suka yi kuka. Babu wanda ya san gobe a wannan kasuwa, shi ya sa ake ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan jimilla.

A ce lissafinka ya tsaya a sidi 30,000. Da ƙarin ya zama 34,500. Idan wata 18 ka ba kanka, mako 78 ke nan, kowane mako sidi 442. Mai fita aiki kwana shida a mako zai ware sidi 74 a kullum. Duba wannan adadin da idon basira. Idan cinikinka ba zai ɗauka ba, matsar da ranar tafiya zuwa wata 24 ko 30 tun yanzu, kada ka taɓa jari. Mai tari da ya ci jarinsa yana dawowa da akwatin tsaraba ya tarar da shago babu kaya.

Inda kuɗi ke zurarewa

Kwana 14 a jere, rubuta duk abin da ya fita daga hannunka, har ruwan leda. Yawanci koko da ƙosai ba su ne ɓarayin ba. Ɓarayin su ne data da ake saya kaɗan-kaɗan sau uku a rana maimakon ta wata guda, tasi ko okada saboda an makara alhali trotro na nan, kuɗin cire MoMo (asusun kuɗi na waya) da ake biya a kan kowace ƙaramar cira, da cacar ƙwallo ta waya, wadda ita kam a rufe ta gaba ɗaya, babu batun ragewa.

A cefane, sayen shinkafa, wake, gari da masara da olonka (babban gwangwanin awo) a kasuwar Laraba ta Nima, ko a Agbogbloshie, ko Kejetia, ya fi sayen kofi-kofi a bakin layi sauƙi. Gida uku su haɗa su sayi buhu su raba ya ma fi. Amma kada ka sayi abin da ba ka da wurin adana shi. Wake yana yin ƙwari cikin 'yan makonni idan ba a rufe shi ruf a jarka ba, arahar ta koma asara.

Babbar ƙofar da kuɗin Zango ke fita ita ce biki. A ce atamfar yayi sidi 300 ce, ɗinki 150, ga ɗaurin kai, ga liƙi, ga gudummawa. Awure da suna goma a shekara, an yi sallama da sidi 4,500 a tufafi kawai, kusan tarin mako goma a lissafin da ke sama. Ba a yanke zumunci saboda tafiya, amma akwai yadda ake yi. A je gidan kwana biyu ko uku kafin taron, a zauna, a miƙa ambulan a ce, "Yaya, bana na ɗaura niyyar wani abu, ki yi mini uzuri a yayi, ga ɗan abin da ya samu." Ranar biki a sa kaya mai launin da ya yi kusa, a kama aikin girki ko rabon abinci. Wadda ta zo tun asuba ta tsaya a bakin tukunya, ba a cika tambayar ta yayi ba. Yayin 'yan ɗaki ɗaya kam a saya, a sa shi cikin lissafi tun farko.

Haka batun rance. Da zarar an ji kana tari, buƙatu za su fara sallama. Ware wani adadi kowane wata, ko sidi 100 ne, ka kira shi kuɗin zumunci. Idan ya ƙare ya ƙare, kuma idan ka ce babu ba ka yi ƙarya ba, domin kuɗin tafiya ba ya hannunka. Wannan ɗaya ne daga dalilan da ba a shelar tafiya kafin biza ta fito.

Sai manyan duwatsu uku da ke faɗo wa mai tari: kuɗin haya, kuɗin makaranta, da Sallah. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da na wata shida a gaba, amma kowa ya san a Accra da Kumasi shekara ɗaya ko biyu ake nema. Duba takardar hayarka yau. Idan wa'adinta zai cika kafin tafiya, to asusu biyu kake tarawa, kuma na haya ne a gaba. Ragon layya ma a fara ajiye masa tun bayan ƙaramar Sallah, in ba haka ba daga kuɗin tikiti za a yanka shi.

Susu, adashi, waya, banki

Mai susu yana zagayowa da yamma da jakarsa da katin da aka ja wa gidaje 31. Ka ba shi sidi 20, ya sa alama a gida ɗaya. Ƙarshen wata an tara 620, ya riƙe na kwana ɗaya ladan aikinsa, ya ba ka 600. Wato kana biyan kusan kashi 3 cikin ɗari kowane wata, sidi 240 a shekara, don a raba ka da kuɗinka kafin ka kashe. Ga wanda kuɗi ba ya kwana a hannunsa, ladan ya halatta. Sharaɗi ɗaya ne: karɓi kuɗinka kowane ƙarshen wata ka kai banki a ranar. Kada ka ce ya ci gaba da riƙewa har shekara. Masu susun da suka ɓace, da tarin watanni suke ɓacewa.

Adashi yana da amfani idan gajere ne, mutum goma ko ƙasa da haka, zubi mako-mako, kowa an san gidansa. Mai ɗaukar farko ya ci bashi ne marar ruwa, mai ɗaukar ƙarshe shi ke ɗauke da haɗarin wanda ya daina zubi da na faɗuwar sidi. Ga mai shirin tafiya tsakiya ta fi. In da hali a riƙa zubin ta waya, saboda ranar da ka kwashi sidi 5,000 ka zuba a banki, akwai sawun da ke nuna daga ina ya fito.

MoMo hanya ce ta wucewa. Tun da aka soke harajin tura kuɗi ta waya a Afrilu 2025, tura kuɗi daga waya zuwa banki ya yi sauƙi, to a yi amfani da hakan: kuɗi ya shigo, kason tafiya ya wuce banki kafin a kwanta. Barin dubbai a wayar da kake sayen data da ita jaraba ce. Ga kuma masu kira su ce sun turo kuɗi bisa kuskure, ko su ce daga kamfani suke za su gyara maka asusu. Kada ka karanta wa kowa lambar sirri, kada ka amince da saƙon cire kuɗin da ba kai ka nema ba. Bashin gaggawa na waya kuwa, duk kuɗin da ya shigo shi yake fara cafkewa, don haka a biya shi a rufe babinsa kafin a fara tari.

A banki, buɗe asusu na daban da sunanka kamar yadda yake a Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, kuma kada ka karɓi katin cira a kansa sai tafiya ta matso. Tambayi abin da suke yanka kowane wata kafin ka sa hannu. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ya faɗa musu tun farko yana son asusun da ba a sa masa ruwa. Tabbatar sunan wurin yana cikin jerin masu lasisi na Babban Bankin Ghana. A Mayu 2019 an soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a rana ɗaya, a Agusta aka bi da wasu 23 na ajiya da lamuni, mutane suka daɗe suna bin kuɗinsu. Kafin nan an ga kamfanonin da kuɗin jama'a suka maƙale a cikinsu, irin DKM, da Menzgold da aka dakatar a 2018. Duk wanda ya ce zai ba ka kashi 10 cikin ɗari kowane wata kana zaune, uwar kuɗin yake so. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yanzu ga abin da ya haɗa tari da biza. Jami'in da ke duba takardar bankinka ba adadin ƙarshe kawai yake kallo ba, yana bin layi-layi ya ga ko shigar kuɗin ta yi daidai da sana'ar da ka rubuta. Asusun da ke karɓar sidi 400 zuwa 500 kowane mako wata 12 a jere yana ba da labarin mai sana'a. Asusun da ya yi wata biyar da sidi 80, sai kwatsam 60,000 ta faɗo mako biyu kafin a nemi biza, yana ba da labarin aro, kuma sun ga irinsa ba adadi. Ɗan kasuwa ya riƙa zuba cinikinsa a banki sannan ya cire na saro kaya, don juyin kuɗin ya fito a takarda. Ya ajiye takardar rajistar kasuwanci, rasit ɗin hukumar birnin Accra (AMA) ko ta Kumasi (KMA), da na haraji. Idan wani ne zai ɗauki nauyin tafiyar, a faɗi haka a fili, a haɗa da wasiƙarsa da takardun bankinsa da abin da ke nuna dangantaka. Takardar banki ta jabu kuwa wuta ce: Ingila na iya hana mutum shiga har shekara 10 a kanta, Amurka kuma har abada.

Sayen dala

Kada ka jira ranar ƙarshe, kada kuma ka saya gaba ɗaya. Abin da ke ɓangaren dala a littafinka, raba shi kashi-kashi, ka riƙa sayen dala 50 ko 100 kowane wata ko wata biyu, ta hau ko ta sauka. Da haka farashinka zai tsaya a tsakiya. Amma ka bar kaso mai kauri a banki, tunda dalar da ke ƙarƙashin katifa ba ta fitowa a takarda.

Kowa ya san 'yan canjin Cow Lane da Tudu da Alabar, kuma da yawansu mutanen arziki ne, amma dokar canjin kuɗi ta 2006 mai lasisi kawai ta yarda wa, kuma a bakin titi babu rasit. A gidan canji mai lasisi, tun Agusta 2024 ana neman Ghana Card, ko fasfo ga baƙo. Karɓi rasit ka ajiye. Ƙirga kuɗin a gaban mai canjin, ɗaya bayan ɗaya, kafin ka matsa daga kanta. Nemi takardar dala 100 sabuwa mai shuɗin zare a tsakiya, wadda aka fara fitarwa a 2013. Karkata ta, za ka ga hotunan cikin zaren suna motsi, ka shafa kafaɗar mutumin da ke jiki ka ji kaushi. Tsohuwar takarda, ko mai tabon biro, ko mai yagewa a gefe, 'yan canji a ƙasashe da yawa ba sa karɓa, ko su karya mata farashi. Haɗa da 'yan ƙanana na dala 5, 10 da 20 don mota da ruwa a ranar sauka. Abin da ya haura dala 10,000 dole a bayyana shi a filin jirgi.

Takardu, kowace a layinta

Ƙa'idar ita ce a fara da mai araha mai cin lokaci, a ƙare da mai tsada wanda ba a mayar da kuɗinsa.

Fara da suna. Jera takardar haihuwa, Ghana Card, takardun makaranta da na banki a kan tabarma ka karanta harafi-harafi. A Zango mutum ɗaya kan zama Mohammed a nan, Muhammad a can, Abubakar a wata takarda, Bukari a wata, ranar haihuwa ma ta bambanta. Gyara yana buƙatar takardar rantsuwa, wani lokaci da bugawa a gazet, jaridar sanarwar gwamnati, kuma yana cin makonni. A yi shi tun watan farko na tari.

Fasfo ta intanet ake nema, a biya a can, a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da yatsu. Tun 2019 na manya shekara 10 yake yi. Kuɗinsa yana canzawa, a Afrilu 2024 ma ya tashi daga sidi 100 zuwa 500, don haka a shafin ofishin fasfo ake duba na ranar. Masu tsayawa a bakin ƙofa suna cewa za su gaggauta maka, waɗanda ake kira goro boys, da kalmarmu ta goro aka raɗa musu suna, ninki suke karɓa a kan abin da za ka iya yi da wayarka, wasu kuma su cika maka fom da kuskuren da zai bi ka shekara goma. Masu sunayen Zango sukan sha ƙarin tambayoyi kan asali, to a je da shiri: takardun iyaye, tsohon fasfonsu in akwai, sunan garin da aka haife su da na kakanni. Mai tsohon fasfo ya duba ranar ƙarewarsa, domin ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata shida, da shafuka biyu babu hatimi.

Allurar shawara sau ɗaya ake yi, kuma tun 2016 katinta na har abada ne, sai dai ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Mai zuwa Hajji ko Umra yana buƙatar ta sanƙarau mai kare nau'i huɗu, ita ma aƙalla kwana 10 kafin isa. A yi allurar da gaske. Katin da aka saya ba a yi allura ba, takarda ce kawai, sauro bai san ta ba.

Kuɗin biza ba ya dawowa ko an hana ka. Ta ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, Yuro 90 ce tun Yuni 2024, ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Ta ziyarar Amurka dala 185 ce tun 2023. Ta ziyarar Ingila ta wata shida fam 127 ce a 2025. A kan waɗannan akwai ladan cibiyar karɓar takardu. Katin inshorar lafiya na Ghana (NHIS) ba ya aiki a waje, saboda haka ko ba a tilasta inshora ba a saya, kwana ɗaya a asibitin Turai na iya cinye tarin shekara. Wanda ya ce yana da hanya a cikin ofishin jakadanci, a kawo rabi yanzu rabi in biza ta fito, rabin farkon yake nema.

Maniyyaci ya biya ta hanyar da ofishin alhazai na ƙasa ya sanar, ya karɓi rasit da sunansa ko da ta hannun wakili ya bi. Kujerar 2024 sidi 75,000 ce, ta 2025 kuma 62,000. Masu cewa za su kai ka Hajji da bizar ziyara a rabin kuɗi, a guje su. A Hajjin 2024 Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu a tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti ko motar da za su fake. Mai tafiya aiki kuma, musamman 'yan mata da ake yi wa tayin aikin gida a ƙasashen Larabawa, a tuna gwamnati ta dakatar da irin wannan ɗauka a 2017 saboda rahotannin cin zarafi. A nemi lasisin dillalin daga Sashen Ƙwadago, a karanta kwantiragi kafin a biya ko sisi.

Tikiti da tarkon da ke cikin mai araha

Ba a sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Yawancin ofisoshi takardar kama kujera suke nema, in ba su ce a saya ba. Bayan biza, gwada ranaku daban-daban da hanyoyi daban-daban: ta Addis Ababa, ta Alƙahira, ta Kasablanka, ta Istanbul, ta Doha. Disamba da farkon Janairu tsada suke a Accra saboda masu dawowa hutu, haka Yuli da Agusta, haka goman ƙarshe na azumi ga mai Umra.

Ga tarkon. Mai fasfon Ghana yana buƙatar bizar wucewa ko da sauya jirgi kawai zai yi a filin jirgin ƙasar Schengen, sai in yana riƙe da wata bizar da ta ɗauke masa, irin ta Amurka ko Kanada. Ingila ma tana da irin wannan sharaɗi. Mutum ya ga tikiti mai sauƙi ta Amsterdam ko Lisbon ya biya, a hana shi hawa tun daga filin jirgin Accra, kuɗin ya tafi. Haka tikiti biyu da aka haɗa daga kamfanoni daban-daban: jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa, kuma sai ka fita ka ɗauki kayanka ka sake shiga, abin da ke buƙatar biza. Duba kuma ko farashin ya haɗa da akwati, domin mafi arahar wani lokaci jakar hannu ce kawai. Idan ta hannun wakili ka saya, karɓi lambar tikitin mai lamba 13 ka duba ta a shafin kamfanin jirgin da kanka, ka ga an biya, ka ga sunanka daidai da na fasfo.

Kaya da ranar tashi

Yawancin jirage masu nisa suna ba da akwati ɗaya ko biyu na kilo 23, da jakar hannu ta kilo 7 ko 8. Auna a gida, ko a sikelin mai sayar da hatsi. A Terminal 3, ɓangaren jiragen waje na filin jirgin Accra, kullum sai ka ga wata Hajiya durƙushe gaban kanta, akwati a buɗe, tana ciro gari da kwalaben shito tana miƙa wa ɗan rakiya, layi na jiran ta. Kilo biyun da suka haura sun fi garin tsada nesa ba kusa ba.

Kilishi, nama kowane iri, wagashi da madara ba sa shiga Turai da Ingila a jakar matafiyi, Amurka ma ba ta yarda da nama, kuma abincin da ka ɗauka ka bayyana shi. Shito a akwatin ƙasa, a naɗe murfin da salatif, a sa a leda biyu. Ruwa ko mai a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100. Fawa banki a jakar hannu kawai. Maniyyata su bar goro a gida, kullum ana gargaɗi a kansa. Maganin da kake sha ya tafi a kwalinsa da takardar likita, tramadol da kodin kuwa suna kai mutum kurkuku a Dubai da Saudiyya. Saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wane ne, kada ka ɗauka. "Baba, ku yi haƙuri, sai na buɗe a gabanku" ta fi bayani a ofishin masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi sauƙi. Mai zuwa ƙasar sanyi ya sayi rigar sanyi a Kantamanto ko Kejetia, ya sa ta a jiki ranar tafiya, ba ta shiga sikeli.

Ɗauki hoton fasfo, biza, tikiti da katin rigakafi, ka tura wa kanka da mutum ɗaya a gida, ka buga kwafi biyu. Rubuta adireshin masauki da lambar mai tarbarka a takarda, saboda waya na mutuwa a daidai gaban jami'in shige da fice. Je banki a buɗe maka katinka don aiki a waje, ka tambayi iyakar cirar rana. Tafi da layinka na Ghana a buɗe don saƙon lambar tabbatarwa, amma kashe datarsa kafin jirgi ya sauka. Raba kuɗin hannu gida uku: jiki, jakar hannu, da ɗan kaɗan a aljihu. Ko dala ɗaya kada ta shiga akwatin ƙasa.

Karanta lokacin tashi da kyau. Jirgin 00:30 na Talata, daren Litinin ake zuwa masa, kuma mutane da yawa sun rasa tikiti a kan wannan. A isa filin jirgi awa uku kafin tashi. Mutumin Kumasi ya sauko Accra kwana ɗaya kafin ranar. Tafiyar kusan kilomita 250 ce, motar Asafo zuwa Circle kan ci awa biyar ko shida, cunkoson Nsawam zuwa Ofankor kuma ba ya da alƙawari. Wanda zai biyo jirgin cikin gida ya tambayi kilo nawa suke ɗauka, don bai kai na jirgin waje ba, kuma a Terminal 2 zai sauka ya ja kayansa zuwa Terminal 3.

Kuɗin makon dawowa a bar shi a banki a Ghana, kada ya hau jirgi, in ya hau a kasuwar tsaraba zai ƙare. Mai saro kaya ya ware kuɗin kwastan daban, ya riƙe rasit ɗin duk abin da ya saya a jakar hannu, domin idan babu rasit jami'in ne zai yi wa kayan kuɗi da kansa.